Gidiyon Dawuda Magini da Bulon Tudun Kalgo

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Gidiyon Dawuda a shekarar 1938, a birnin Damagaram, lokacin yankan gero. Ranar dai ba wanda ya riƙe ta. Mahaifinsa Dawuda mutumin ƙasar Gobir ne da ya zo cin rani, ya samu aikin ban ruwa a lambun 'yan mishan, a nan ya karɓi addinin Almasihu, bai sake komawa gida ba. Mahaifiyarsa Tamar 'yar Damagaram ce, sana'arta ƙuli-ƙuli. Shi ne na uku cikin 'ya'yansu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

Karatu da koyon sana'a

Bai shiga lakkol, wato makarantar boko ta gwamnati, ba. Wajen 'yan mishan ya koyi karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa da ɗan lissafi, Faransancinsa kuwa na bakin aiki ne, wanda ya tsinta wajen masu duba gini. Da ya kai munzalin koyon sana'a, a shekarar 1952, mahaifinsa ya danƙa shi hannun Garba magini na unguwar Birni, Musulmi, mutum mai faɗa amma mai amana. A hannun Garba ya koyi kwaɓa, da tubali, da jera azara, da yaɓen makuba. Da siminti ya yawaita a gari ya koyi buga bulo da ɗaurin ƙarfe. Garba ne ya koya masa cewa bulon siminti, in an buga shi, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma har ya ƙoshi, in ba haka ba ƙarfinsa a ido ne kawai.

A gidan Garba ya haɗu da Yahuza, tsaransa, wanda shi ma sana'ar ya zo koyo. Kwano ɗaya suka ci, duka ɗaya suka sha. Yahuza yana kiransa ɗan mishan, shi yana kiran Yahuza malamin da bai haddace komai ba, ba wanda ya taɓa jin zafin wani. Da Garba ya sallame su, tare suka ci gaba da karɓar aiki, Gidiyon a kan igiya da awo, Yahuza a kan kwaɓa.

Aure da zuwansa Damargu

A shekarar 1964 ya auri Liyatu 'yar Sulemanu, daga wata ikilisiya ta wajen Maraɗi. A 1970 aka yi shelar ana neman magina a Tanut, cikin ƙasar Damargu, domin rijiyoyi da ɗakunan lakkol, ya kwashi iyalinsa suka tashi, Yahuza ya biyo su da nasa iyalin, ya zauna a Gangara.

Gini a Damargu ba kamar gini a Damagaram ba ne. Azara sai an kawo daga kudu, kuma kowace shekara tana ƙara wuya. Siminti yakan iso a makare, wani buhun ya daskare a hanya. Rijiya nisanta ya isa, zurfinta ya fi. Leburan da ka wahala ka koya wa aiki, da ya iya sai ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya yi Arlit wajen haƙar ma'adinai. Masu kwangila kuwa a Damagaram suke zaune. Su ake ba aiki, su miƙa wa magini, ba a ganinsu sai ranar da manya za su zo dubawa. In gini ya yi kyau nasu ne, in ya tsage na magini ne.

Zaman ruwan farko

A shekarar 1971 ya gina wa wani ɗan kasuwa soro a Falanko. Azara ta yi ƙaranci, ya yi dabara ya rufe da abin da aka samu. Mutanen gari suka shiga kai kawo, suna cewa baƙo ne, ba ya sallah, ba a san kakansa ba, gobe yana iya ɗaure kayansa. Mai gidan ya ƙi shiga ɗakin, ya ce masa a gaban jama'a: "In ya faɗo wa iyalina, wa zan kama?" Gidiyon ya ce: "Ni za ka tarar a ƙasa, Alhaji." Ranar da hadarin farko ya haɗo, ya ɗauki 'yar kujerarsa ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya zauna har ruwa ya ɗauke, ya fito rigarsa a bushe.

Daga nan abin ya zame masa ƙa'ida. Duk ɗakin da ya gina, na ƙasa ko na siminti, ba wanda zai shiga sai shi ya zauna ciki ranar babban ruwan farko. Wanda ya gama da rani, yakan koma masa da damina, ko da a kan jaki. Mutane suka saba, har in an gama gini sai ka ji ana tambaya: "Magini ya zauna?" Yahuza yakan ce shi dai ba ya cikin wannan hauka, yana da 'ya'ya. Da wannan zaman Gidiyon ya sayi sunansa a Damargu, domin ba shi da dangi a ƙasar, ba shi da gona, sunan nan shi ne dukiyarsa.

A farin 1973 aiki ya tsaya. A shekarar da ta biyo, wadda soja suka hau mulki, ƙyanda ta ɗauke 'yarsa ta biyu. Ya binne ta a Tanut, ya koma bakin aiki.

Zargin 1978

A shekarar 1978 gine-gine suka buɗe. Wani ɗan kwangila mai suna Ɗan Azumi ya samu aikin ɗakin ajiyar hatsi a Tanut, ya miƙa wa Gidiyon. Ana tsakiyar aiki aka ce siminti ya yi ƙafa. Ɗan Azumi ya nuna Gidiyon, aka kai shi gaban hukuma, aka tsare shi wasu kwanaki, aka bincike gidansa har ƙarƙashin gado, ba a samu ko ƙura ba. Aka sake shi, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ba a ce Ɗan Azumi ne ya kwashe simintin ba. Amma makulli biyu ne, ɗaya na hannunsa, kuma a shekarar ne ya ɗora bene a gidansa na Damagaram.

An sake shi, amma maganar ba ta sake shi ba. Mata a bakin rijiya sukan ce wa Liyatu: "Matar magini, yaushe za mu zo ganin gidan siminti?" Yara suka laƙaba masa Mai Buhu.

Tun daga nan halinsa ya canza. Mutumin da a da yake barin kayan aiki a fili ya zama ba ya yarda da kowa. Buhun da aka juye sai ya kakkaɓe shi da hannunsa. Wanda aka buɗe ba a ƙarar ba, sai ya ɗaure bakinsa da wani ƙulli nasa da ba wanda ya iya. Lebura in zai tashi aiki sai ya lalube masa aljihu da ƙugun wando. Inda siminti yake, nan yake shimfiɗa tabarmarsa, nan ake kai masa abinci. Wata rana Liyatu ta yaɓe murhunta da ƙasa da toka, ya dawo ya gan shi fari-fari, ya durƙusa ya kankare da farce ya shinshina. Ta ce: "Baban Priskila, har ni?" Da la'asar ya sayo mata tsire.

Aikin Tudun Kalgo

Daga 1982 aiki ya ja baya, leburan da suka tafi Arlit suka fara dawowa hannu wofi. Daminar 1984 ba ta yi ba ko kaɗan. A farkon 1985 aka ba da aikin ɗakin lakkol a wani ƙaramin gari da ake kira Tudun Kalgo, tsakanin Gangara da Balbeji, kuma Ɗan Azumi ne ya sake samun kwangilar. Ya aiko wa Gidiyon kamar ba abin da ya taɓa haɗa su. Liyatu ta ce kada ya karɓa. Ya nuna mata rumbu ba ko ƙwaya, ya karɓa. Ya kira Yahuza, suka tafi, Liyatu ta bi su da ƙananan yara domin girki.

Rijiya ɗaya ce a garin, kuma a shekarar makiyaya sun gangaro daga wajen Tenhiya da ragowar dabbobinsu, dare da rana guga ba ya hutawa. Maigari ya ba aikin rabonsa na ruwa, ba da son ransa ba. Aka ajiye siminti a wani ɗaki kusa da zauren Maigari, a nan ake kwaɓa ana bugawa, sannan a kwashe bulon a jera shi a fili can bakin hanyar rijiya, inda aka kafa tano-tano, wato gangunan ƙarfe na ruwa. Gidiyon ya zauna inda siminti yake.

Ban ruwan bulo kuwa ya ba wata mata mai suna Fadimata, Ba'abziniya, wadda mijinta ya tafi neman abinci bai dawo ba, garkenta ya ƙare sai jakuna biyu da 'yan awaki. Aikinta ta ɗebo ruwa da salka ta cika tano, ta shayar da bulo safe da yamma. Ita kaɗai ce bai taɓa zargi ba, domin ba ruwanta da siminti, a tanti take kwana, ko an ba ta buhu ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Ranar farko da mutane suka ga ana kwarara ruwa a kan bulo, gari ya ɗauka. Samari suka ce ɗan mishan yana yi wa duwatsunsa baftisma. Wasu suka ce wani asiri ne, wasu suka ce dabara ce ta sayar da ruwa a ɓoye. Maigari da kansa ya zo ya ce: "Magini, ka ji tsoron Allah. Dutse na sha, raƙumi na kallo?" Gidiyon ya ce: "Ranka ya daɗe, bai zama dutse ba sai ya sha." Aka yi dariya, aka watse, ba wanda ya yarda.

A Damargu ba a hana mai ƙishi ruwa, kuma ba a kiran wannan sata. Makiyayi zai iso da ɗan raƙumi yana tangaɗi, layi a rijiya ya kai inda ya kai, ga tano cike a bakin hanya. Zai tsaya ya dubi Fadimata, ita ma makiyayiya ce. Sai ta kau da kai, shi kuma ya ɗiba. Daga ɗaya aka koma biyu, har ya zama kowa ya san tanon magini. Abin da ya rage sai ta yayyafa a saman bulo, ya yi duhu kamar ya sha. Gari duka sun sani, Maigari ya sani, ba wanda ya ga laifi a ciki, ba kuma wanda ya faɗa wa magini.

Liyatu ta gani da idonta wata rana da ta je itace: awaki sun kewaye ƙwarya a gindin tano, wani tsoho yana cika salkarsa. Da ta kai masa abinci ta faɗa masa. Ya tashi ya je da yamma, ya tarar da bulo a jiƙe, Fadimata na tsaye da gwangwani a hannu. Ya dawo ya ce: "Liyatu, siminti ake sata. Wa ya taɓa satar ruwa?" Ya koma kan tabarmarsa, domin a ganinsa ɗan wannan tashin da ya yi ma ya isa a ɗebi kwano guda.

Rabuwarsa da Yahuza

A watan Afrilu aka fara ɗora bulo. Na farko da Yahuza ya ɗauka, kusurwarsa ta marmashe masa a hannu. Ya fasa wani ya duba cikinsa, ya ce: "Ɗan mishan, ƙishi ne ya kashe wannan bulon." Gidiyon ya ce da idonsa ya ga ana ba shi ruwa. In bulo ya marmashe, a wajensa ma'ana ɗaya ce: siminti bai kai awo ba. Kuma Yahuza ne a kan kwaɓa, Yahuza ne kaɗai Gidiyon yake bari ya shiga ɗakin siminti ba tare da ya lalube shi ba, Yahuza ne ke zuwa Gangara kowace Jumma'a da buhun kayansa a bayan jaki.

Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, ba ya ci sosai. Ranar wata Jumma'a, a gaban lebura, ya tare jakin ya ce a kwance buhun. Aka kwance: tsummoki ne, da ɗan gero, da takalmin yaro. Yahuza ya tsaya yana kallonsa. Ya ce: "Tun muna cin duka a gidan Garba nake tare da kai. Yau ni ne ɓarawonka, Gidiyon?" Wannan ce rana ta farko da ya kira shi da sunansa. Gidiyon ya ce na makon jiya fa, da na makon da ya wuce? Yahuza ya ajiye cokalin gininsa a kan bulo, ya ɗaure buhunsa, ya kora jakinsa, bai waiwayo ba.

Gidiyon ya aika Damagaram a ƙaro siminti a sake bugawa. Amsar da Ɗan Azumi ya aiko da direba ita ce babu, kuma a gama kafin ruwa ya sauka, manya za su zo. Sai ya zaɓi bulon da ya fi dama-dama, ya ɗora, ya zuba zoben kankare a sama, ya rufa kwano, ya yi yaɓe mai kauri. A watan Yuni aka gama. Daga nesa ba ɗakin da ya fi shi kyau a yankin.

Amma lebura sun ga bulon, kuma labarin 1978 ya riga shi isowa garin. A bakin masallaci ana cewa Mai Buhu ya sake. Waɗanda raƙumansu suka sha daga tanon, su ne suka fi kowa tambaya ko wannan karon zai zauna.

Rasuwarsa

Liyatu ta roƙe shi ya bari. Ta ce ɗaki nawa ya zauna, sunansa ya isa, yara ba za su shiga ba sai Oktoba, a bar damina ta gwada ginin ita kaɗai. Ya ce: "In ban zauna ba, da bakina na faɗa wa gari na ci simintin. Kina so a kira ɗanmu Sulemanu ɗan Mai Buhu har ya tsufa?" Ta ce gara ɗan Mai Buhu da maraya. Ya ce ta iya magana, ya tambayi inda kujerarsa take. Ta ɓoye ta cikin karan dafa abinci. Ya nemo ta da kansa.

A watan Yuli na 1985, ranar wata Alhamis bayan azahar, hadari ya taso daga gabas, irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba. Gari ya fito ana murna, yara na tsalle. Gidiyon ya ɗauki kujerarsa da Littafinsa, ya ratsa ta gaban zauren Maigari domin kowa ya gan shi, ya shiga ɗakin. Iska ta fara, ruwa ya biyo yana dukan katangar gabas. Yaɓen ya kwaɓe, bulon ya sha ruwan da bai samu da rani ba, ya saki. Katangar ta kwanta ciki, zoben kankaren ya biyo ta.

Mutanen gari suka tone shi da hannuwansu, ruwa na zuba. Wannan kam dole a yaba musu. Aka fito da shi da sauran numfashi, ƙirjinsa ya murƙushe, a hannunsa akwai gutsuren bulo ya zama kamar gari. Ya dubi Liyatu ya ce: "Ki ce wa Yahuza ba shi ba ne." Ya cika kafin la'asar, yana da shekara arba'in da shida.

Jana'izarsa

Hanya ta yanke, ba damar kai shi Tanut. Aka yi ta shawara inda za a sa wanda ba Musulmi ba, daga bisani Maigari ya ba da wuri a bayan ɗakin da ya faɗi. Wani dattijon ikilisiya ya iso a kan raƙumi washegari, ya yi addu'a, aka binne shi. Yahuza ya taho a ƙasa daga Gangara cikin laka, ya iske ana rufe ƙasa. Liyatu ta isar masa da saƙon. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da rawani.

Da hanya ta bushe Ɗan Azumi ya zo da masu dubawa. Ya murje bulo a gabansu ya ce magini ya ci siminti, ai an san shi tun 1978. Maigari yana nan, lebura suna nan, masu raƙuma suna nan. Kowa ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ambaci ruwa. Liyatu ta yi magana, aka ce mata baƙin ciki ne. A haka aka bar maganar, a haka take har yau wajen hukuma.

A ɗakin ajiya an tarar da ragowar buhu guda, bakinsa ɗaure da ƙullin Gidiyon. Yahuza ya yanke igiyar, ya ɗebo yashin da aka yi bulon da shi, ya auna da kwanon da suka auna, bai ƙara ba bai rage ba, ya buga bulo ya kewaye kabarin, ya shafe samansa. Washegari da sassafe aka ga Fadimata da jakunanta, ba wanda ya kira ta. Ta juye salka duka a kan bulon, ta dawo da yamma, ta dawo kashegari, har sai da Yahuza ya ce ya ƙoshi. Wata rana wani makiyayi ya tsaya da akuyarsa ya miƙo ƙwarya, ta nuna masa hanyar rijiya. Ba a taɓa ganin an hana ruwa a garin ba sai ranar. Liyatu ba ta yi mata magana ba, ba ta kore ta ba.

Zuwa wannan shekara ta 1989 damina huɗu ta bi ta kan kabarin bayan waccan, shanu sun taka shi, yara suna zama a kai, ko tsaga babu. Simintin ɗaya ne, yashin ɗaya ne, awon ɗaya ne. Duk mai cewa Gidiyon Dawuda ya ci siminti, ya je Tudun Kalgo da guduma ya gwada.

Waɗanda ya bari

Ya bar matarsa Liyatu, tana zaune a Tanut, da 'ya'ya huɗu: Priskila, tana aure a Damagaram, Sulemanu, yana koyon gini a hannun Yahuza a Gangara, shi ke ba bulonsa ruwa da kansa, kuma uwarsa ta ƙone kujerar, Dawuda, yana lakkol, da auta Tamar, wadda take goye ranar da katangar ta faɗi.

Ubangiji ya hutar da shi inda ba a zarginsa, shi ma ba ya zargin kowa. Amin.